Shafin da Baba ya tsaya

"Wagga kwamfuta ta tsuhwa, Hauwa'u. Bari in goge komi in sa miki sabon tsari, Linux, ki ga gudu," in ji Yaya Nasiru a makon jiya, da filashin ajiye bayanai a hannunsa.

Kwamfutar tebur ce ta marigayi Babanmu. Da ita nake karatun jarrabawa, kuma gaskiya tana da nauyi wajen aiki.

Kafin ya fara, na shiga manhajar karanta littattafai, na taɓa littafin tarihin da Baba yake karanta mana bayan la'asar. Tun rasuwarsa ban buɗe shi ba. Sai ga shi daidai shafin da ya tsaya, da manyan baƙaƙen da na ƙara masa lokacin da idonsa ya yi rauni.

"Na kwashe littattahwan duka cikin filashi, ba abin da za shi ɓacewa," in ji Yaya.

Ni ba mai musu da manya ba ce, amma na daure.

"Yaya, wurin da Baba yat tsaya hwa? Shi ma ka kwashe?"

Ya daɗe yana kallon allon.

"Wanga kam ban iya kwashe shi ba."

Bai goge ba. Ya raba cikin kwamfutar biyu, ya sa sabon tsarin a gefen tsohon. Yanzu in na kunna, sai ta tambaye ni wanne zan shiga. A sabon nake karatu. Tsohon kuma gaisuwa nake zuwa.

Ku ma akwai abin da kuka kasa gogewa?