Wandon Ɗahiru

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina yagewa, don tsoron kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Karatuna ma bai yi nisa ba. Elementare na gama, midil kuwa shekara ɗaya kacal na yi. Inda na kuskure a yi mini afuwa.

Ranar Litinin ta farko bayan hutun babbar salla, a shekarata ta farko a midil, aka kaɗa ƙararrawa tun ba mu gama shan koko ba. Muka jeru a fili cikin fararen rigunanmu da dogayen wanduna, kamar yadda muka saba. Wani sabon Bature da aka turo ya duba makarantar yana tsaye gindin maɗaci, gefensa ga tulin kaki a kan tabarma. Hedimasta ya karanta mana sababbin dokoki da Hausa, bai ɗago kai ko sau ɗaya ba. Daga ranar babu durƙusa wa malami, sai a miƙe tsaye a dube shi a ido. Kotun ɗalibai, inda wani babba daga cikinmu da muke kira Alƙali yakan yanke wa mai laifi hukuncin shara ko ɗebo ruwa, an rushe ta. Laifi duka sai ranar Asabar, a gaban kowa, da bulala. Sannan aka raba mana taguwa da gajeren wando, aka ce bakinsa ya tsaya yatsu huɗu sama da gwiwa, kuma da shi za a yini har a kwanta. Tsofaffin kayanmu aka ƙulle a sito.

Gidanmu a Tudun Wada yake. Mahaifina masinja ne a wani ofis, gidan kuma na haya ne, iyali huɗu da rijiya ɗaya. Kafin in tafi makarantar kwana aikina shi ne cika randar Inna, da yankan ciyawar akuya, da zama a zaure wurin Kawu Bala mai ɗinkin hula ina zura masa zare, har hannuna ya iya allura. Tun a lokacin ni mai waswasi ne. Nakan yi alwala sau uku ina shakkar ko na wanke kunne. Inna takan ce, “Kai dai ruwan rijiyar nan a kanka zai ƙare.”

Ɗahiru shi ne maƙwabcina a ɗakin kwana. Ɗan Gyallesu ne, mahaifinsa malami mai karantar da littattafai a zaure, wanda da ƙyar ya yarda ya ba da shi boko. Dogo ne, ya fi kowa iya langa, kuma in muna noman gyaɗa a gonar makaranta yakan gama kunyarsa ya dawo ya kama mini tawa yana yi mini tsiya. Ranar da muka fara sallar azahar da sabon wando, da muka yi sujada ya tattare har tsakiyar cinya. Wasu suka riƙa danne dariya. Ɗahiru bai yi dariya ba. Ya ce ya yi wa babansa alkawari ba zai taɓa tsayawa gaban Allah ba sai ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, kuma a kan wannan sharaɗi aka bar shi ya zo.

Ni na kawo dabarar. Ranar Juma'a da aka bar mu mu je gida na tsinto ragowar kaki a wurin wani tela. Na ɗinka masa ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu a bakin kowace ƙafa, ta ciki, na sa maɓalli biyu-biyu. Lokacin fareti ya naɗe shi sama ya maƙale, ba mai gani. Lokacin salla ya tsaya a sahun baya ya sake shi. Ya juya gabana ya ce, “Malam Waswasi, ashe kana da amfani.” Nawa wandon ban taɓa shi ba, don ina tsoron doka. Sai dai nakan sake sallolina in na je gida, don ina tsoron Allah.

Wajen wata biyu muna haka, abin yana cina. Na rasa wanda ya fi laifi, ni da nake salla cinya a waje ko ni da na taimaka aka ɓoye wa shugabanni abu. Wata Laraba bayan darasi na bi malamin Arabiyya, wani dattijo mai sanyin hali, har bakin kekensa. Na fara durƙusawa, na tuna doka, na miƙe. Na tambaye shi hukuncin sallata da gajeren wando. Ya ce ta yi, in daina sakewa, ko da yake rufewar ta fi. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma na ƙara da cewa, wanda ya ɗinka ƙyalle a ɓoye fa, ya ci amana? Ya yi murmushi ya ce, “Wane yaron kirki ne wannan?” Ni kuwa ban iya ƙarya ba. Na faɗa masa wandon Ɗahiru ne.

Daga baya na ji cewa ba ƙara ya kai ba. Zuwa ya yi ya roƙi Bature a bar yara su sa dogon wando lokacin salla, ya kawo misalin Ɗahiru don a ga yadda abin ya dame mu. Ranar Asabar aka bi mu ɗaya-ɗaya ana juya bakin wando. Aka fito da Ɗahiru. Aka tambaye shi wanda ya ɗinka, ya ce shi ne. Ina tsaye taku biyar daga inda yake. Hukuncin shi ne bulala shida, kuma ya farke ƙyallen da hannunsa. Ya kwanta aka yi masa shidan bai motsa ba. Da aka miƙa masa almakashi ya sa hannuwansa a baya ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan kam ba zan iya ba.” Kafin la'asar ya ɗauki akwatinsa a ka ya fita.

Ban yi kuka ba, ban kuma ji komai ba. Na ci tuwona, na wanke kwanona. Washegari na nome kunyata ni kaɗai. Bayan 'yan makonni aka sassauta dokar, aka rataye zannuwa a bakin masallaci, kowa ya ɗaura kafin salla. Na ɗaura tare da kowa. Ƙarshen shekara na ce wa mahaifina kaina ba ya ɗauka, bai matsa mini ba. Sau ɗaya na je Gyallesu. Aka ce mahaifin Ɗahiru ya tashi da iyalinsa, wasu suka ce gabas, wasu suka ce hajji ta ƙasa.

Yau ina ganin jikokina suna fita zuwa sakandare da dogon wando, matan da hijabi har ƙasa, suna gunaguni an hana su wani irin takalmi. Ba wanda ke auna musu gwiwa da yatsu. Doka takan canja cikin mako ɗaya, wanda ta kora kuwa ya tafi ke nan.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san labarin wani Ɗahiru, dogo, mai wushirya, wanda iyayensa suka bar Gyallesu a zamanin Turawa, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun masu buga wannan takarda. In ya rasu, ko ɗansa ne ina so in gani. Ban sani ba ko ya taɓa jin ta inda maganar ta fita. Ina so a sani daga bakina ne, kuma tambaya na je yi.