Wuƙar Inna ta Ƙarshe

"Shi ya sa nake ce maka wannan ba biskit ɗin yara ba ne," in ji Kawu, yana auna tsawon kwaɓin da tef. "Sau biyu yake shiga wuta. Marar haƙuri kada ma ya fara."

Na ce haka ne. Da Kawu, abin da ake cewa ke nan.

Shekara talatin yana aikin kafinta kafin ciwon baya ya zaunar da shi a gida. Ya yi wata biyu yana gyara ƙofofin da lafiyarsu ƙalau, sannan idonsa ya faɗa kan abin gasa burodin matarsa, wadda muke kira Inna. 'Yarsa ce ta nuna masa yadda ake wannan biskit ɗin a waya: a narka sukari da bota har ya zama alawa, a farfasa, a zuba cikin kwaɓin fulawa da gyaɗa, a gasa shi dogo kamar sandar sabulu, a yayyanka, a sake gasawa. Kawu ya riƙe komai, sai dai ya ƙara nasa. A sana'arsa ba a yanka katako sai ya bushe, don haka yakan bar gashin farko ya kwana. Kafin safiya alawar ta zama dutse. Wuƙaƙen Inna biyu a nan suka tafi.

Saura ɗaya, mai jan ƙota. Inna ta riga ta faɗa: in wannan ta bi 'yan'uwanta, shi da kicin sai leƙe ta taga. Abin kuwa yana cin ransa. Ya taɓa gaya mini cewa tun da ya rufe shago, nan ne kaɗai yake yin abu da hannunsa a ce masa sannu da aiki.

Ranar da nake ba ku labari, ya fito da gashin farko, ya ajiye a tebur, ya ce kada kowa ya taɓa sai gobe. Sannan ya raɗa mini cewa ya sami mafita: zai ɗauko zartonsa, ya ma wanke shi da sabulu. Ya nufi ɗakin ajiya.

Inna ta shigo. Ta taɓa abin da bayan hannu, ta ji da ɗumi, ta zaro jar wuƙar. Na buɗe baki, ta kalle ni, na rufe. Kafin Kawu ya dawo ta gama yankawa, sumul kamar burodi.

Ya tsaya a bakin ƙofa da zarto a hannu. Ya ciro fensir daga bayan kunne, ya mayar. Sai ya sa tef.

"Wannan santimita biyu, wannan ɗaya da rabi. Ke, wa ya koya miki yanka?"

"Kafinta, wuƙata dai tana nan da ranta."

Ya ce abin da aka yanka ɗanye dole ya lanƙwashe a wuta, za ta gani. Aka mayar, aka fito da shi, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya tsoma guda a shayi, ya daɗe yana taunawa, ya ce daɗin ai daga kwaɓi yake.

Inna ta ce ta yarda. Kwaɓi da gashi nasa, yanka nata, zarto kuma kada ta sake ganinsa kusa da abinci.

Kawu ya cusa biskit biyu a aljihu, ya saƙale zarton a hammata, ya fita tsakar gida ɓarar gyaɗar gobe.