Malam Garba da Matattun Majalisar Ingila

Kun dai san Malam Garba ba ya shiga gidan mutum sai da tsegumin 'yan majalisar Ingila. Ko zama bai gama yi ba zai ce, "Kun ji abin da firaministan nan ya yi wa amininsa?" Mu saki tuwo mu zuba kunne, ashe mutanen sun mutu tun ba a haifi kakanmu ba! Tarihinsu yake rubutawa, amma ka rantse maƙwabtansa ne a unguwar Catford.

Ni kam kishinsa nake yi, kuma kun sani. Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati ta turo ni kwas nan Ingila, na sayi marsandi, na ɗinka kwat kala-kala. Ranar Juma'a na faka motar daidai ƙofar masallacin Regent's Park don a gani. Ana sallamewa jama'a suka wuce ni fuu, suka kewaye Malam mai kwat ɗaya tal, yana ba su labarin rigimar harajin hatsi. Na daure na ce, "Malam, zo in yi dropping ɗinka a gida."

Ya ce, "Bas zan hau. A motarka wa zai saurare ni? Kai kaɗai ne, kuma ba ka ji."

Har cikin gidana ya bi ni ya ƙwace fada. Wata rana ya shigo ido jawur, ya ce wa matata Hajara, "Dattijon nan na 'yan adawa ya cika, ba kowa a kansa." Hajara ta yi salati, ta dafa shinkafar gaisuwa tukunya guda, ta yafa mayafi.

"Malam, ina ne gidan rasuwar?"

"Laburare. Yau na kai shafin mutuwarsa."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce yau ta gane shi. Ina! Zama ta gyara ta ce, "To me ya kashe shi, Malam?" Ni da na saya mata sarƙar gwal ban taɓa samun wannan kallon ba. Suka cinye shinkafar ina gefe ina huci.

Ranar jana'izar Malam Garba sahu har titi. Nan na gane matattun Turawan nan ma kishinsu nake yi, don sun samu mai ba da labarinsu da hawaye. Na so in riga shi tafiya, ko ni ma ya ba da nawa.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da maƙwabta masu saurare.