Takardar Jami'a a Gafakar Malam

Ko zan manta komai a duniya, ban da shekarar da jami'a ta kira ni ban ji ba.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ina ajin ƙarshe a sakandare a Gwarzo. Karatuna ba yabo ba fallasa, amma a gudu ba a kamo ni. A gasar makarantu a Kano, wani mai horar da 'yan wasa ya tare ni ina haki. Daga babbar jami'ar nan yake, wadda kullum muke ji a rediyo ta cinye kofi. Ya ce za su ba ni gurbin karatu da ɗaki da abinci, in saurari takarda.

Na koma ƙauyenmu Durun na kama fartanya ina sauraro. Damina ta wuce, aka yi kaka, shiru.

Ashe takardar ta iso tun ana maimai a gona, da tsakiyar damina. Mahaifina aka ba, malamin allo ne, ba ya karanta boko, ni kuwa ɗan farinsa. Don kunya bai taɓa kiran sunana ba, balle ya miƙa mini abu hannu da hannu. Inna ma ta fi shi. Duk saƙonsa ta bakin Baffa, ƙanensa, yake biyowa, Baffa kuwa tsadar rayuwa ta kora shi kudu neman abinci. Sai Malam ya adana ta a gafaka cikin littattafansa, yana jiran ya dawo.

Ranar da Baffa ya dawo ya miƙo mini ita ko lanƙwasa babu. Wa'adin ya wuce da wata huɗu.

Duk da haka na hau mota na je. Na tarar da mai horarwar a bakin fili, samari na zagayawa cikin rigunan jami'a.

"Sati uku muna jiranka," in ji shi. "Mun ba wani."

Da na dawo, ina tsugune a gabansa, Malam ya tambayi Baffa, "An dace?"

"Ba a dace ba, Yaya."

Malam ya sunkuyar da kai. Na san yana sona, na kuma san ya ji ciwo, amma har ya rasu bai ce mini komai ba. Wannan shirun ya fi rasa jami'ar ƙona mini rai.

Abin da na koya shi ne, kunyar da za ta hana uba magana da ɗansa cuta ce. Nawa ɗan farin, da sunansa nake kiransa, a gaban kowa.