Aikin Kulasta a Shagon Maƙwabciyata

Shekarar da aka sa dokar hana fita a Jos ana tsakiyar damina, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai hedikwata a Legas. Manhajarmu ce likitocin dabbobi na wajen Vom suke amfani da ita wajen karɓar rahoton shanu marasa lafiya daga rugage. Aikina kula da kulasta, wato tarin manyan kwamfutocin da muke kira sabobi, waɗanda manhajar ke gudana a kansu, da tsarin da ke rarraba musu ayyuka. Tsarin ya tsufa, kuma mun riga mun tsayar da ranar ɗaga shi zuwa sabuwar siga, sai ga dokar ta faɗo a makon.

Da safe ogana ya kira ni daga Legas.

"Ki bar wa yaran nan na ofis su yi," in ji shi. "Idan abubuwa sun lafa kuma mu yi maganar dawowarki nan. Jos ba wurin da za a dogara da shi ba ne."

"Oga, sabobin ba a Jos suke ba, ni ce a Jos. Kuma lafiyata ƙalau."

"Kuna da wuta?"

"Zan samu."

Ba mu da wuta, ba halin fita sayen fetur. Amma maƙwabciyata a Kabong, wata dattijuwa mai ɗinki da muke kira Mama, tana da sola a shagonta da ke jikin katangarmu. Na ɗauki kwamfuta na bi ta ƙofar baya. Mama da girmanta ta koyi Hausa, kowa namiji ne a bakinta.

"Zauna ka yi aikinka," ta ce, ta ture yadudduka daga kan teburin yanka.

Na adana kwafin komai tukuna. Sannan na ɗaga sabar da ke ba da umarni, ta tashi lafiya. Sauran kuwa ɗaya bayan ɗaya ake bi: a kwashe ayyukan da ke kan saba a mayar wa 'yan uwanta, a ɗaga ta, a dawo da ita. Ana cikin haka sashen da ke tura wa likitoci saƙo ya ƙi tashi, domin sabuwar sigar ta daina gane tsohon tsarin da aka rubuta shi da shi. Hadari kuma ya rufe gari, na'urar solar ta fara kuka, alamar cajin batir ya yi ƙasa.

Oga ya sake kira. "Saƙonni sun tsaya. Ki mayar da komai yadda yake, ki miƙa wa yaran ofis."

"Na ga inda matsalar take. Ba zan mayar ba."

"Umarni nake ba ki."

"Na ji, oga. In ya lalace ka kore ni."

Na ajiye wayar. Mama ta tashi ta kashe firij ɗinta, ta zare dutsen guga daga soket, ta koma ta ci gaba da ɗinkin hannu. Na sake rubuta sashen, na gwada, ya ƙi, na gyara wani layi na sake gwadawa. Wajen la'asar saƙonnin da suka taru suka fara fita. Sabar ƙarshe sai washegari na ƙarasa ta, bayan rana ta fito.

Ba a kore ni ba, ba a kuma gode mini ba. Da aka ɗage dokar, oga ya sake kawo maganar Legas, na sake cewa a'a. Shugabancin sashenmu a kamfanin da aka yi mini alkawari aka ba wani da ke zaune kusa da ofishinsa. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna yakan sosa mini rai. Na yi wata shekara tare da su, daga nan na sami wani kamfanin da bai damu da garin da nake kwana ba.