Birin da Ya Ƙi Saukowa

Ɗan maigidana ya tozarta ni a gaban yaran mota, kuma har yau in na bi ta ƙofar garejin nan sai na sunkuyar da kai. A 2011 ne. Ya tsayar da ni a tsakiyar fili, ya nuna wata tirela da ke bakin get, ya ce in karanto masa lambarta. Na ƙanƙance ido, na matsa gaba, ya ce a'a, daga nan. Ban ga komai ba sai dishi-dishi. Ya miƙo hannu, na ba shi makulli. Washegari aka ba ni benci a bakin get, ni da na tuƙa ubansa tun yana da mota ɗaya.

A kan bencin nan Iya Gambo ta riƙa faɗo mini a rai. Kakata ce ta wajen uwa, a hannunta na tashi a Tudun Wada. Bayan sallar isha takan tura doya cikin garwashin murhu, mu zagaye ta muna jiran tatsuniya, kowa na gadin doyarsa kada a sace. In jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha sai ta dakata ya gama, wai ba ta haɗa baki da ƙarfe. Sannan ta ce, "To ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ya tafi gidan ubansa."

Akwai wadda muka fi so, ta birai. Wai in za su shiga gonar masara sukan ɗora ɗaya a ƙolin bishiya ya yi musu gadi. Mai gadin farko, ran da ya ga ganye ya fara haɗe masa da reshe, da kansa ya sauko ya ce a hau da yaro. Birai suka ji daɗi. Masarar farko tasa ce kullum, kuma ba sa fita sai sun tambaye shi ta ina manomi ya saba ɓullowa. Wanda ya gaje shi ma ya tsufa, amma shi ya ce ido garau. Ran nan ya ga kututture ya kwarma ihu, kowa ya watse a banza. Wata rana ya ga manomi da karnuka, ya ce kututture ne. Waɗanda suka tsira su suka hau suka jawo shi ta wutsiya, 'ya'yansa na kallo.

Nan muke fashewa da dariya. Ni ne ma mai tashi in kwaikwayi faɗowarsa, ina dafe ƙugu. Iya sai ta karkaɗe toka daga doyata ta miƙo mini, ta ce, "Yi dariyarka, ɗan nema, idonka sabo ne."

Abin da ke ci mini rai, an ba ni damar saukowa. Kafin maigidan nawa, Alhaji, ya rasu ya kira ni da abokin aikina Ndagi, mutumin Bida, ya ce mun yi ƙoƙari, mu je mu huta zai sallame mu da mutunci. Ndagi ya yi godiya. Ni na ce hutu na matattu ne. Na sayo maganin baƙin gashi na shafe furfura. Hanyar Bida kuwa da ka nake bin ta, na haddace ramukanta, in magariba ta yi in lafe a bayan wata mota ina bin jar wutarta. Ban gaya wa kowa ba, har matata.

Ndagi yana Beji yanzu yana noman doya. Ciwon bayansa ya tafi, salla biyar a jam'i, shi ke raka jikoki Islamiyya. Ran da ya leƙo gareji, yara suka tashi tsaye, "Baba Ndagi, zo ka ji mana ƙarar injin nan." Ni na buɗe masa get. Ya ce, "Sale, kai ne nan?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

A ranar na shiga ofis ba sallama. Ɗan Alhaji yana waya, ya ɗaga mini yatsa wai in jira. Ban jira ba.

Na ce, "Nura, ajiye wayar nan. Gaskiyarka, ido ya tafi, kuma da ka bar ni da wata rana na kashe bayin Allah. Na bar aiki daga yau. Amma ofis ɗin nan yana da ƙofa, da ka kira ni ka rufe ta. Kana aji biyu ka yi kashi a wando a kujerar baya, a bakin makarantarku. Na juya mota, na wanke ka a famfon masallaci, na sayo maka wani wando na mayar da kai aji. Ko ubanka bai ji ba har ya koma ga Allah."