Maganin Feshin da Na Goge wa Kwanan Wata

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ranar da wata yarinya sa'ar autata ta tsaya a ƙofar shagona ta karanta mini allon da ni na sa aka rubuta, wannan kam ba za ta fita ba sai an kai ni makwanci.

Maganin feshi da iri nake sayarwa a kasuwar Tudun Wada. Karatuna na allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da ya ishe ni karanta lamba. A saman ƙofata akwai katako da aka rubuta da jan fenti: IN KAYA YA FITA BA YA DAWOWA. Rabin shagunan layinmu suna da irinsa, kuma mun ɗauka doka ce.

Wata shekara katan-katan na maganin tsutsa suka kwantai a wurina har wa'adinsu ya wuce. Maimakon in zubar, sai na sami tsumma da kananzir na goge kwanan watan da ke gindin kowace kwalba. Ba wanda ya sa ni, ni na yi da hannuna.

Cikin waɗanda suka saya har da aminina, wani manomin rani da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu tun muna samari. Ɗan Ƙasan Ruwa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sarkin Wari. Tsutsa ta shiga tumatirinsa, ya zo a gaggauce. Ya ɗaga kwalba ya taya, sannan ya juya ta, ya ce, "Alhaji, wannan yana da ƙarfi kuwa?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Cewa na yi, "Yadda ka taya, na sallama."

Mu 'yan kasuwa mun san nauyin wannan kalma. In an taya ka ce albarka, da sauran magana; in ka ce ka sallama, ciniki ya faɗa. Da ita na kauce wa tambayarsa, na kuma riƙa gaya wa zuciyata ai ban yi ƙarya ba.

Bayan kasuwa uku ya dawo da ragowar kwalaben a buhu. Ya fesa sau biyu, tsutsar ko gezau, fiye da rabin gonar ta tafi. Ban ko tashi daga benci ba, na nuna masa allon da yatsa, alhali na san ba ya karatun boko. Ya saɓa buhunsa ya tafi. A cikin duk abin da na aikata, wannan nunin yatsa shi ya fi ci mini rai har yau.

Kasuwar da ta zagayo sai ga shi tare da 'yarsa, wadda ke karatun lauya a Kano. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce binciken kammala karatunta a kan irin allon nan nawa take yi, ta zaga kasuwanni tana ɗaukar hotonsu. Ta yi mini bayani a tsanake cewa yanzu akwai dokar kare haƙƙin mai saye, wadda ta ba shi ikon mayar da kaya in an sami aibi, kuma rubutun mai shago ba ya soke wannan iko. Ta ce akwai hukuma a Kano da ke karɓar irin wannan ƙorafi, tana kwashe kayan da suka lalace, tana iya garƙame shago.

Mutane sun fara taruwa. Na ɗaga murya na ce a tambayi mahaifinta ko na taɓa ce masa maganin na da kyau.

Ta shinshina gindin kwalba ɗaya, ta ji warin kananzir, ta miƙo mini. "Baba, bakinka bai faɗa ba, amma tsumman ya faɗa. A wurin doka, ɓoye abin da mai saye ya kamata ya sani shi ma yaudara ce."

Wani dattijo mai sayar da igiya a gefenmu ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, tun a zaure malamai suka karantar da mu cewa ba a ɓoye aibin haja. Na san haka. Na sani tun kafin a haifi yarinyar.

Takardar ƙorafin tana cikin jakarta, a rubuce, saura sa hannun mahaifinta. Shagon da na yi shekara da shekaru ina ginawa yana kan ɗan yatsansa. Ya dube ni ya ce, "Sarkin Wari, ni tawa gonar ta riga ta tafi. Su wa kuma ka sallama wa?"

Ya ba ni wa'adi zuwa kasuwa mai zuwa in nemo su. A makon nan na hau babur na bi su ɗaya bayan ɗaya, har Burumburum. A kowane gida sai na yi sallama, na zauna, na faɗi abin da na yi da bakina, na karɓi kwalba na ba da sabuwa. Wasu sun yafe nan take, wani ya zage ni a gaban 'ya'yansa, kuma yana da gaskiya. Aminina ya yaga takardar, ni kuma na ɗauke masa iri da maganin shuka ta gaba. Amma sai da aka shekara kafin ya sake cin abinci a kwano ɗaya da ni.

Allon na sauke shi da kaina. Yau duk wanda ya ɗauki kwalba a shagona, ni nake juya masa gindinta in karanta masa kwanan wata, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Abin da na koya ke nan, kuma ina faɗarsa a gaban kowane ɗan kasuwa ba tare da shakka ba: "na sallama" farashi kawai take rufewa. Tambayar da mai saye ya yi maka tana nan a buɗe, sai ka amsa ta, a nan ko a can.